Gani Ya Kori Ji: Agogon Ƙarfin Mai A Tsohuwar Mota



Yau maganar mota zan yi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota a garin nan ya san canki-canka ta fi gyara cin kuɗi. Mota ta fara cijewa, ka kai ta gareji, makanike ya kasa kunne ya ce fulogi ne. A canza. Bayan kwana uku ciwo ya dawo, ya ce famfon mai ne, a tura yaro kasuwar Ladipo. Daga nan sai kwayil. A ƙarshe wani ya ba ka shawarar a tuge injekta gaba ɗaya a mayar da ita kabureta. Mu baƙi kuma muna da ƙarin matsala, domin da Turancin buroka ake cinikin, ko da ɗan gutsuren Yarbanci. Kai ba ka bayyana ciwon yadda kake so ba, shi ma bai gamsar da kai ba. Sai zargi ya shiga tsakani: kana ganin don ya ga "aboki" ne yake yi maka yankan ƙauna, shi kuma yana ganin ka raina masa sana'a.

Tawa motar 'yar Kwatano ce, ƙirar 1996, da ita nake ɗauko kaya, da ita kuma nake kai iyali gida da Sallah. Ta ɗauko wani hali: da safe lafiya lau, amma da ta yi zafi a gosilo, na samu hanya na taka totur, sai ta shaƙe kamar mai tarin fuka. Ta taɓa yi mini haka a tsakiyar gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, inda kowa ya san ba wurin tsayawa ba ne. Makanikai uku, magana uku. Na huɗun wani dattijo ne haifaffen Agege, Hausarsa rangaɗau. Na ce, "Baba, me kake gani?" Ya ce, "Malam, ni ban ga komai ba tukuna. Bari mu tambayi motar." Sai ya ciro wani agogo mai allura ɗaya, da tiyo a gindinsa.

Ga abin da na koya a wurinsa da kuma bayan nan. Injin yana buƙatar mai ya iso masa da wani ƙarfi sananne. Mota mai kabureta, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ƙarfi kaɗan take so, bai kai rabin ba ba. Shi "ba" ɗin nan ma'auni ne, za ka gan shi a rubuce a fuskar agogon. Yawancin masu injekta na shekarun 1990 kimanin ba 3 suke so. Wasu Marsandi kuma, irin 230E, sai sama da ba 5. Saboda haka kafin komai, a san lambar da ta dace da motarka, a kuma sayi agogon da ma'auninsa ya kai ba 7. Idan za a bar shi a jikin injin, a nemi mai ruwa a cikin gilashi, don kada girgiza ta sa allurar rawa.

Wajen ɗaurawa ne ake son natsuwa, domin fetur ba ya wasa. A bari injin ya huce. A matsa nesa da mai shayi da mai suya da mai shan taba, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a Obalende. A zare fis ɗin famfon mai, a tayar da mota, a bar ta har ta mutu da kanta, wato ƙarfin da ke cikin bututu ya sauka ke nan. Sai a cire wayar batir ta bangaren maras wuta. Wasu motocin suna da ɗan baki a jikin bututun da ke raba wa nozul mai, kamar bakin da ake yi wa taya iska, nan ake ɗaura agogon kai tsaye. Wadda ba ta da shi, sai a sa mahaɗa mai baki uku tsakanin filta da wannan bututun, da tsumma a hannu don tare abin da zai tsarto. Tiyon ya zama na injekta, kilif ɗin ma haka, domin tiyon kabureta zai iya fashewa. Idan an gama, a mayar da fis da batir, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a duba ko'ina ko akwai yoyo. Gargaɗi ɗaya da Baba ya maimaita: kada a kuskura a ja tiyon mai zuwa cikin mota don a riƙa kallon agogo a gaban sitiyari. Mai son haka ya sayi na lantarki, wanda waya ce kawai ke shiga ciki.

Sai karatu. Da ka murɗa makulli, famfo zai yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu, allura ta tashi. Idan injin na silo, takan tsaya wajen ba 2.5 a motocin da regileta ɗinsu ke jikin injin. Ka zare ɗan siririn tiyon iska da ke kan regileta, allura ta ƙara kamar rabin ba, to lafiyarsa ƙalau. Idan ka ga fetur a cikin wannan tiyon, ya huje. Idan ƙarfi ya wuce ƙa'ida, duba regileta ko bututun da ke mayar da mai tanki, kuma a nan ne baƙin hayaƙi da shan mai suke fitowa. Idan ka kashe mota allura ta faɗi ƙasa cikin 'yan mintoci, akwai inda mai ke zurarewa, shi ya sa take wahalar tashi. Idan kuma sai an taka totur allura ke faɗuwa, to mai ne ba ya isa: ko filta ta toshe, ko famfo ya gaji, ko wutar da ke zuwa masa ta yi rauni.

Tawa ta ƙarshen ce. A silo 2.5 cif, da aka taka sai ta zube zuwa 1.5. Baba ya ce a fara da mai araha. Aka canza filta, wadda da aka girgiza ta ruwan da ya fito kamar kunun kanwa. Allura ta tsaya cak. Famfon da mutum biyu suka yanke wa hukuncin kisa har yau yana aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gardama ta mutu. Allura ba ta jin Hausa, ba ta jin Yarbanci, amma ni da makanike duk muna iya karanta ta. Tun da na sa aka bar agogon a ƙarƙashin bonet, ko wane gareji na shiga nakan buɗe in nuna, magana ta koma kan lamba. Har wani matashin makanike a nan unguwa ya zo ya tambaye ni inda ake sayarwa.

Wannan zamanin ma ya fi buƙatarsa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Da yawanmu muka koma sayen lita biyar-biyar, tanki kullum a ƙasa. Shi kuwa famfon da ke cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, don haka yawo da busasshen tanki yana rage masa kwana. Ga kuma man bumburutu da dattinsa, ga irin abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci da dama suka kwanta.

Don haka masu shirin tafiya gida, daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne, kuma dajin da ke tsakanin Jabba da Mokwa ba wurin gwajin famfo ba ne da mata da yara a mota. A auna tun ana nan, idan allura ta nuna rauni a gyara. Wanda ba zai iya saye shi kaɗai ba, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, a ajiye a hannun mai unguwar direbobi ko wani amintacce a tasha.

Allah ya tsare mana hanya, ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.