Daren da wasan ƙwallo ya kusa cinye min littafi

Kwamfutar da nake rubutu da ita ta hannu ce, kuma babi goma sha ɗaya na littafina a cikinta suke kwance, ba kwafi a ko'ina. Da aka yi hutu ƙanina ya matsa min sai na sa masa PES 2017. Na sa. Muna buɗewa allo ya yi baƙi ƙirin, can wasan ya rufe kansa. Sau huɗu haka.

Mai gyaran unguwarmu ko kunna ta bai yi ba ya ce, "Malam, sai dai fomatin." Har na miƙa masa, muna cinikin kuɗin aiki, sai babukan nan suka faɗo min a rai. Na karɓe abata.

Da dare na buɗe Device Manager. A wurin da ya kamata sunan katin hoto ya fito, Microsoft Basic Display Adapter na gani. Nan matsalar take: direba. Ba na mota ba, wata 'yar manhaja ce mai yin tafinta tsakanin Windows da katin hoto. Idan babu na ainihi, Windows kan ɗora na wucin gadi, wanda zai nuna maka rubutu lafiya lau amma ba ya iya ɗaukar wasa. Shi ya sa wata takwas ina buga labari ban ga komai ba. Laifina ma yana ciki, don tun ranar farko na hana ta sabunta kanta saboda tsimin data.

Gaggawa ta sa na sauke direban farko da na ci karo da shi. Data ta tafi, shi kuma ya ƙi hawa, ashe na wani katin ne daban. Sai da na kifa kwamfutar na karanta lambar samfurinta, na nemo ta a shafin kamfanin, sannan na gane kati biyu gare ta: Intel na ƙananan ayyuka, NVIDIA na masu nauyi. Na fara sa na Intel, na sake kunna ta, sannan na NVIDIA.

Wasan ya buɗe, amma 'yan wasa na tafiya kamar hawainiya, domin ƙaramin katin yake amfani da shi. A NVIDIA Control Panel na zaɓa masa babban, na kuma jona caja, tunda a kan batir ƙarfinta raguwa yake.

Wajen ƙarfe biyu na tashi ƙanina. Kafin in ba shi, na tura babukan zuwa imel ɗina, yana tsaye a kaina yana cewa, "Yaya, don Allah yi sauri kafin a ɗauke wuta." Ya ci ni uku da nema.