Ranar da Allo Ya Makance

A unguwar Bukoki ta birnin Yamai akwai wani tsohon malamin makaranta, mutumin Dogon Dutsi, wanda tun da ya ajiye alli ya duƙufa ga aiki guda. Shekaru da dama kafin rasuwar mahaifiyarsa ya ɗauki muryarta a kaset tana ba da tatsuniyoyin Arewa da labarin yunwar 1973 da ta 1984. Kullum bayan sallar asuba sai ya kunna kaset, ya saurari jimla, ya tsayar, ya buga ta a wata tsohuwar kwamfutar tebur. Kaset ɗin sun fara cin zarensu, wasu ma sun mutu, saboda haka rabin maganar tsohuwa ba ta da sauran mazauni sai cikin wannan akwatin ƙarfe.

Wata safiya ta watan Afrilun 2024, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 da rana, ya danna maɓalli kamar yadda ya saba. Fanka ta juya, ƴar fitila ta kama, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya kashe, ya sake kunnawa har sau biyar. Da ma rashin sani ya fi dare duhu: a ganinsa duk abin da ido bai gani a allo ba ya tafi ke nan. Ranar ko kokon safe bai iya sha ba, ya zauna jugum kamar mai sabon makoki.

Jikarsa, ɗaliba a Jami'ar Abdu Mumuni, ita ta ɗora akwatin a tasi suka nufi wata rumfar gyara kusa da kasuwar Katako. Mai rumfar saurayi ne da bai kai shekarun ƙaramin ɗan malamin ba. Ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku. Ciwon ido daban, ciwon ƙwaƙwalwa daban. Bari mu bi ta a hankali."

Ya fara da abu mafi araha. Ya sauya wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita tun 1987, domin allura ɗaya in ta lanƙwashe tana iya ɓata hoto. Shiru. Ya haɗa akwatin da wani allo mai lafiya, nan ma duhu, wato laifin ba na allo ba ne. Sai ya buɗe murfi, ƙurar hunturun shekaru ta tashi, ja wur kamar ta bakin Kwara. Ya zare sandunan RAM, ya goge bakinsu, ya mayar. Daga nan ya maƙala wata ƴar lasifika a jikin uwar kati, wato babban farantin da kome ke dasuwa a kansa, ya kunna, ya kasa kunne. Ƙara ɗaya doguwa, biyu gajeru. Ya ce a irin wannan na'ura, wannan kukan na katin hoto ne.

Katin hoto shi ne tafinta tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da idon mutum: shi ke karɓar lissafi ya mayar da shi haske da launi. Aikin yana haifar da zafi, shi ya sa ake ɗora masa ƴar fanka tasa. Da saurayin ya zaro katin, sai ga fankar ta daskare da ƙura, ga kuma biyu daga cikin ƴan gwangwanayen da ke tara wuta sun kumbura kamar cikin kwaɗo. Zafin bazara da yawan ɗaukewar lantarki da dawowarta da ƙarfi, su suka ƙarasa shi. Wasu kwamfutoci suna da wata kafar hoto a jikin uwar kati, wadda za a koma mata in kati ya mutu. Wannan ba ta da ita, dole sai sabon kati.

Ba kowane kati ke shiga kowace kafa ba. Tsofaffin na'urori suna da kafar AGP ta 1997, na baya kuma suna da PCI Express, wadda ta yaɗu daga 2004. Ta malamin ta biyun ce, amma akwatinta na raba wuta ƙarami ne, don haka ana bukatar katin da ba ya neman wata waya ta daban. Kayan hannu kuwa sun yi tsada, domin tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, hajar da ke zuwa ta Kwatano ta koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Sai da saurayin ya shiga rumfa uku kafin ya samo wanda ya dace.

Ya cire wayar wuta, ya taɓa jikin ƙarfen akwatin don ya sauke tartsatsin da ke hannunsa, ya danna katin cikin kafarsa har ya ce ƙyas, ya ɗaure ƙusa. Da ya kunna, ƙara ɗaya tak ta fito, allo ya waye. Ya saka manhajar da ke sa kwamfuta ta san sabon katin, sannan ya ja da baya.

Malam bai ce uffan ba. Ya jawo kujera, ya buɗe tatsuniyar da ya tsaya a kanta shekaranjiya, ya bi ta da yatsa yana duba ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Duk suna nan, har waƙafin da ya bari a tsakiyar jimla.

Saurayin ya ce, "Baba, yau ido ne ya tafi, an samu wani. Ran da faifan ajiya ya mutu, ba ni da abin da zan yi muku."

Kafin la'asar jikar ta kwafe aikin a ƴan ma'ajiyar USB guda uku. Ɗaya tana wurinta, ɗaya a aljihun rigar malam, ta ukun kuma an ba wani direban tashar Wadata ya kai wa ƙanwarsa a Dogon Dutsi. Washegari bayan asuba, maƙwabta suka sake jin muryar tsohuwa ta taga, tana farawa, ana tsayar da ita.