Ɗan aiken da ba ya tambayar gida

Da sanyin hunturun nan maƙwabciyarmu ta shigo wajen maiɗakina, 'yarta mai shekara tara na biye da ita cikin rigar sanyi biyu, farin idonta ya yi rawaya. Katin asibitin sikila na leƙowa daga bakin jaka, ya yi laushi saboda yawan ninkewa. Bayan gaisuwa ta miƙo mini waya.

"Malam, duba mini. Wai an samu maganin sikila a Amurka, amma da ƙwayar ƙanjamau ake haɗa shi. Gaskiya ne?"

Na ce mata gaskiya ne. Lyfgenia sunansa, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2023. Ana ɗibar iyayen ƙwayoyin jinin mara lafiya, a kai su ɗakin bincike, a sa musu gyararren saƙon gado da zai hana jan jini lanƙwashewa kamar lauje. Mai kai saƙon kuwa ɓawon ƙwayar ƙanjamau ne, an yashe cikinsa tas, ba ya hayayyafa, ba ya sa cutar. An zaɓe shi ne don ya iya kutsawa cikin ƙwayar jini ya ɗinke saƙon a zaren gado har abada.

Sunan ne ya firgita ta, ni kuwa abin da ke damuna daban ne. Wannan ɗan aike ba ya tambayar gida. Inda ya faɗa, nan yake sauke kaya.

A Faris aka fara ganin haka. Tun 1999 likitocin asibitin Necker suka soma yi wa jariran da aka haifa ba garkuwar jiki irin wannan magani, da ƙwayar bairos ta ɓera. Yaran da a da sai a killace su suka koma gida wurin iyayensu. A 2002 ɗaya ya kamu da sankarar jini. Cikin yara 20 da aka yi wa maganin a Faris da Landan, biyar suka kamu a 'yan shekaru, ɗaya ya rasu. Da aka bi sawu, sai aka ga a yawancinsu saƙon ya sauka ne dab da wata ƙwayar gado mai suna LMO2, wani makunni da ke jikin ɗan aiken ya tashe ta, ita kuma ta sa ƙwayoyin jini haihuwa ba tsayawa.

Daga nan masana suka sauya ɗan aike, suka cire wancan makunni. An samu sauƙi ƙwarai, kuma ina jinjina musu, domin sun fito da kuskuren fili kowa ya gani. Sai dai hatsarin bai ƙare ba. A 2024 aka ba da rahoton yara maza 7 cikin 67 da aka yi wa Skysona, irin wannan magani amma na wata cutar ƙwaƙwalwa, sun kamu da sankarar jini. Lyfgenia ma takardarsa na ɗauke da gargaɗin sankara. Ga kuma busulfan, maganin da ake share ɓargo da shi kafin a mayar da ƙwayoyin, wanda kan hana haihuwa.

Hatsarin sankarar ne ya sa ake gwada jinin wanda aka yi wa Lyfgenia duk wata shida, aƙalla shekara 15. Wannan na fi jaddada mata, fiye da farashinsa na dala miliyan 3.1. Ranar da maganin zai iso mana, a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, ina so iyaye su tambayi wanda zai riƙa duba jinin nan, da inda za a adana sakamakon.

Na gaya mata sai yaro ya kai shekara 12 ake yi masa. Ta ƙirga da yatsu, ta ce, "Ashe sai ta kai ashirin da bakwai ke nan." Ta tura katin cikin jaka, ta roƙi maiɗakina ta ɗumama wa yarinyar ruwan sha.