Rabin Kilo a Mako

Mu da muka tashi a gidajen da ake auna lafiyar mutum da kumatunsa, ba ƙaramin aiki ba ne a shawo kanmu mu yarda cewa ƙiba na iya zama cuta. A garuruwanmu idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce Allah Ya buɗa masa. Idan amarya ta yi wata uku ba ta murje ba sai a fara tuhumar miji. Da wannan tunani muka gangaro Kudu neman ilimi da abinci, muka tarar da teba da amala da miyar da manja ke iyo a kanta, ga zaman kujera tun hantsi har la'asar. Shekaru suka tura, tebar da ake ci ta zama teɓa a jiki. Mu huɗu ne muke zama inuwa guda, kuma ranar da likita ya shaida wa babbanmu cewa jininsa ya hau, sugansa kuma na bakin iyaka, duk muka yi tsit, domin mun san ciwon sugan ne ya ci ƙafar mahaifinsa kafin ya ci ransa.

Masu ba da shawara ba su yi wuyar samu ba. Wani ya kawo shayin da aka ce yana zubar da kilo biyar a mako guda, wani ya ce a ƙaurace wa tuwo a koma ruwan zafi da lemon tsami. Da yake cikinmu akwai malamin lissafi, sai ya ce a ba shi alli.

Ga yadda lissafin ya kasance. Masana abinci suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da ma'aunin kalori, kuma kilo guda na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Wanda ke son zubar da kilo biyar na kitse cikin kwana bakwai, dole jikinsa ya ƙone kalori 38,500 fiye da abin da ya ci, wato 5,500 kowace rana. Alhali kuwa baligi mai matsakaicin aiki abin da yake ƙonewa a yini bai wuce 2,000 zuwa 2,500 ba. Ashe ko da mutum ya ɗinke bakinsa ya bar hatsi ɗungurungum, ba zai kai rabin abin da mai shayi ya yi alkawari ba. To, ina kilon da sikeli ke nunawa ya tafi a makon farko? Akasarinsa ruwa ne. Jiki yana taskace wani nau'in suga a hanta da tsoka, kowane giram ɗinsa riƙe da ruwa kamar giram uku. Da an matsa wa ciki sai taskar ta zube da ruwanta, da an koma cin abinci ta dawo. Yawancin irin wannan shayi kuwa gudawa yake sawa, ita ma ruwa take kwashewa. Saurin ramewa kuma yana cin tsoka, yana iya haddasa tsakuwa a matsarmama.

Abin da likitoci suka fi yarda da shi shi ne rabin kilo zuwa kilo guda a mako. Muka zaɓi rabin, don mun san halinmu da tsire. Rabin kilo na nufin rage kalori kamar 500 a yini, kuma idan aka rarraba shi bai kai yadda ake tsoro ba: kwalbar lemo guda tana da wajen 150, babban cokali na man gyaɗa ko manja wajen 120, tafiyar rabin sa'a da hanzari ta ƙone kusan haka, malmala ta biyu da aka bari a kwano ta cike saura. Ba mu yarda da wanda ya ce a bar tuwo ba. Abincin da mutum ba zai iya shekara a kansa ba, ba abin da za a ɗora niyya a kai ba ne.

Abin da ya ƙarfafa wa babbanmu gwiwa shi ne wani bincike da aka yi a Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2002. An ɗauki mutanen da sugansu ke gab da zama ciwo, aka ɗora su a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Nauyinsa kilo 90 ne, kasonsa ke nan kilo shida da 'yan kai, aikin mako goma sha uku. Bai bukaci ya koma saurayi ba.

Muka yanka wa kanmu ƙa'ida. Sikeli sau ɗaya a mako, safiyar Asabar kafin karin kumallo, saboda nauyin mutum yakan yi hawa da sauka da kilo guda ko fiye a yini ɗaya, gwargwadon gishiri da ruwan da ya sha. Burin mako kuwa muka ɗora shi a kan abin da ke hannunmu: tafiya sau biyar bayan sallar asuba, lemo ranar Juma'a kaɗai. Allura ta motsa ko ta ƙi, wannan nata ne. Akwai makon da ta tsaya cik, har biyu a jere, domin jiki idan ya ragu bukatarsa ma raguwa take yi. A irin wannan mako tef ɗin tela muke ɗaurawa a ƙugu, shi yakan ba da labarin da sikeli ya ɓoye.

Wahalar da lissafi bai hango ba ita ce ta mutane. Gidan biki ba a mayar da kwano cike, kuma wanda ya ƙi ƙari sai a ce raini ne. Da babbanmu ya je gida hutun ƙarshen zango ya rage kilo biyar, gwaggonsa ta ja shi ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce, "Ɗan nan, faɗa mini gaskiya, ciwo ne ko bashi?" Ya ce, "Gwaggo, likita ne ya sa ni, don kada abin da ya sami Baba ya same ni." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da dare ta aiko masa da tuwon dawa malmala guda da miyar kuka, man shanun kuma ta zubo shi daban a ɗan ƙoƙo.