Gallabat: inda Slim ya ɗauki laifinsa

A ranar 6 ga Nuwamba 1940, Birgediya William Slim ya auka wa sansanin Italiyawa a Gallabat, kan iyakar Sudan da Habasha. Tun da hantsi ganuwar ta faɗo hannunsa. Saura Metemma, can ƙetaren rafi, kuma ita ce aka fito nema.

Daga nan al'amari ya rikice. Duwatsu da nakiyoyi suka tsinke sarƙoƙin yawancin tankokinsa. Jiragen Italiya suka yi ta zuba wa dakarunsa bama-bamai a kan tudun da ƙasarsa ta yi taurin da ba a iya haƙa ramin fakewa. Wata motar harsasai ta kama wuta tana ta fashewa, wasu sojojin Ingila suka zaci an ɓullo musu ta baya, suka cika wandonsu da iska. Slim yana da dabarar zagayawa ya bugi Metemma ta gefe, amma ya saurari masu cewa a yi hattara, ya janye. Daga baya ta bayyana cewa su ma Italiyawan hantarsu ta riga ta kaɗa.

Hujjojin wanke kai ga su nan jibge: ba kariya daga sama, tankoki sun lalace, wasu sun tsere. Wani hafsan da su zai rataya wa laifin, kuma ba mai musa masa. A littafinsa Unofficial History na 1959, Slim ya ambaci waɗannan duka, sannan ya ce uzuri ne kawai. Dalilin shi ne shi kansa, domin hanya biyu ta buɗe masa, ya bar tsoro ya zaɓar masa. Wannan ne ya sa nake ganin girmansa. Kwamandan da ya ɗora wa na ƙasa laifi, gobe ba wanda zai kawo masa rahoton gaskiya, kuma sojan ƙasa ne ke biyan kuɗin wannan da jininsa.

A ƙasar Bama, inda dubban 'yan Arewa suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82 ƙarƙashin tutarsa, hanya biyu ta sake buɗe masa a 1945. Ya nuna wa Japanawa kamar Mandalay kaɗai ya nufa, ya sulale da wata runduna a asirce ta kudu, ta haye kogin Irrawaddy, ta kame Meiktila a farkon Maris, ta datse musu hanyar abinci da makamai.