Gardamata da Baba a kan zanga-zanga da ƙuri'a

Yau wata gardama ce da muka yi da mahaifina a shagonmu da ke Sabo, nan Ibadan, na ce bari in kawo muku ita.

A watan Yulin 2024 muna sauraron labarin zaɓen Birtaniya a rediyo, sai aka ce wasu 'yan takara masu zaman kansu sun ci kujeru saboda fushin jama'a kan yaƙin Gaza. A Leicester ta Kudu ma an kayar da wani jigon jam'iyyar Labour, Jonathan Ashworth, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba. Na ce, "Baba, ka ga amfanin zanga-zanga."

Baba ya ce, "Kai yaro ne." Ya ba ni labarin ranar 15 ga Fabrairun 2003, ina goye a lokacin, da dubun dubatar mutane suka cika titunan Landan suna cewa kada a kai wa Iraƙi hari. Wata guda da 'yan kwanaki aka fara yaƙin, kuma Tony Blair ya sake cin zaɓe a 2005. Ya ce to ina amfanin ihun?

Na je na bincika, na dawo masa da amsa. Gaskiya ne Blair ya ci, amma rinjayen jam'iyyarsa a majalisa ya faɗo daga kujeru sama da 160 zuwa 66. A Sifaniya kuwa, inda mafi yawan jama'a suka ƙi yaƙin, jam'iyyar Aznar ta faɗi a watan Maris na 2004, kwana uku bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, kuma Zapatero yana hawa ya janye sojojinsu daga Iraƙi. Wato zanga-zangar ba ta hana yaƙi ba, amma waɗanda suka fito titi sun riƙe abin a zuci har ranar zaɓe.

Baba ya yi shiru, can sai ya ce, "To kai ina katinka?"

Wallahi kunya ta kama ni. A Ibadan aka haife ni, nan nake ciniki, nan nake biyan kuɗin shago, amma a 2023 ban yi zaɓe ba. Shi kuma nasa katin na Kano ne, bai samu zuwa ba. Da yawanmu haka muke: zaɓe ya matso, wasu su tafi gida don tsoron rikici, wasu su kulle shago su kwanta. Sannan in an tashi kasuwa ko an ƙara mana haraji, mu rasa kansilan da zai saurare mu, domin kuwa ya san ba mu muka zaɓe shi ba.

Mutanen Leicester ɗin nan da yawansu 'ya'yan baƙi ne kamarmu, amma a inda suke zaune suka yi rajista. Ni dai na yi wa Baba alkawari zan yi tawa a nan Ibadan, shi kuma ya ce sai ya ga katin a hannuna.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.