3200 a jikin baret, 2133 a allo

Lambar da ake bugawa a jikin baret ɗin RAM ba ta da aikatau. An rubuta 3200, shi ke nan. Mai saye yana karanta ta da ma'anar "tana gudu", wanda ya ƙera kuwa "za ta iya gudu" yake nufi. Mu ƴan kimiyyar harshe mun san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun, kuma cikin wannan tazara ce ake ɓatawa da masu shago a banza.

Mu huɗu muka yi karo-karo daga kuɗin bursu muka haɗa kwamfutar tebur, don aikin memwar ɗinmu. Muryoyin tsofaffin da muka naɗo a ƙauyukan Tasawa da Madarunfa muke bi da Praat da ELAN, kuma tsohuwar na'urarmu ta gaza. Muka sayi baret biyu na DDR4, kowace giga 8, an rubuta musu 3200. Da muka kunna, Windows ya nuna 2133. Ɗaya daga cikinmu ya buɗe CPU-Z, ya ga 1066, ya miƙe tsaye.

"Wallahi an cuce mu! Ku tashi mu mai da mishi kayanshi."

Mai shagon kuwa ɗan unguwarsu wani abokinmu ne, shi ya kai mu. Da mun je da wannan zafin, ba kuɗi kaɗai za a yi asara ba. Na roƙe su su ba ni dare guda.

Ga abin da ke faruwa. DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugun agogo, shi ya sa CPU-Z ke nuna rabi. Ka ninka 1066, ka ga kusan 2133. Ke nan lambobin biyu abu guda suke faɗi.

Sauran tambayar: me ya sa 2133? A jikin kowace baret akwai ɗan guntu da ake kira SPD, inda aka ajiye saurin da za ta iya. Idan ka kunna, uwar katin, wadda masu gyara ke ce wa kart-mer, tana zaɓar saurin ƙa'ida na JEDEC, wanda ba ya ba da matsala. A baret da yawa 2133 ne ko 2400, da wuta bolt 1,2. Shi 3200 ɗin yana cikin wani tsari daban mai suna XMP, na kamfanin Intel, wanda galibi ke neman bolt 1,35. Uwar katin ba ta ɗaukarsa sai ka ce ta ɗauka. Kamar baƙo ne da ya iya harshenka, amma yana maka magana a hankali har sai ka ce ya saki baki.

Washegari, gaban kowa, muka sake kunnawa muna danna Del, muka shiga BIOS. A katin MSI irin namu, B450, sunan abin A-XMP. A Asus mai furosesan AMD za ka ga DOCP. Muka kunna shi, muka adana da F10. Windows ya tashi da 3200. Wanda ya ce an cuce mu shi ya sayo shayi.

Ba kullum take ƙarewa haka ba. Idan ramuka huɗu ne, baret biyu galibi a na biyu da na huɗu ake sa su, A2 da B2. Duba littafin katin. Idan ka gauraya mai sauri da mai nawa, duka za su bi mai nawa. Wani lokaci kuma furosesan ko katin ne ke da iyaka: i5 na ƙarni na 10 a kan H410 ba ya wuce 2666, ko baret ta fi haka. A nan ba laifin kowa, sai dai kafin ka saya ka tambaya.

Idan ka kunna XMP allo ya yi baƙi, kar ka firgita. Cire wuta, cire ƴar batirin CR2032 na ƴan mintoci, BIOS zai koma yadda yake. Idan kuma ya tashi, ka bar MemTest86 ya kwana yana gwaji. RAM mai tuntuɓe tana iya lalata fayil ba ka sani ba, kuma tsohuwar da ta ba ka tatsuniya bara ba lallai ka same ta bana ba.

Ha'inci kam akwai shi, ana manna takarda a kan baret da ba ita ba. Hanyar ganewa ita ce shafin SPD na CPU-Z. In babu 3200 a jerin da ya nuna, ɗauki hotonsa da salula ka tafi shago, kana da hujja. In yana nan, aikin naka ne, yana jiranka cikin BIOS.